Layin da Yaya Ta Koya wa Shan Ruwa

Yayata injiniya ce, amma idan ka buɗe bayan motarta ba za ka ga wani abin a-zo-a-gani ba sai shuɗin bokiti ɗaya da jarka biyu cike da ruwa. Duk inda ta je sai ta tsaya, ta cika bokitin, ta sheƙa shi a ƙasa, sannan ta tsuguna tana kallon inda ruwan zai bi. Ta yi haka a harabar asibiti ranar da na haihu. Ta yi a ƙofar gidan surukanta, suna tsaye suna jiran ta shigo su gaisa. A ofishin ayyuka na birni, inda take aiki, Mai Bokiti suke ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya a gabanta, don sun lura abin dariya yake ba ta. Ni ce ƙanwarta, tela ce ni, shagona yana jikin gidanmu, kuma na daɗe ina jin kunyar wannan bokiti kafin in fara cika baki da shi.

Babanmu magini ne, shekara hamsin da cokalin gini a hannunsa. Mutum ne mai haƙuri da kowa, amma ban da tsaga. Idan ya ga tsaga a bango ko a daɓe, ko a gidan wa ne, sai ka ga ya daina jin abin da ake faɗa masa. Yaya sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta, kuma tun tana 'yar shekara takwas take binsa wurin aiki ranar Asabar, tana tankaɗe masa yashi, tana dawowa fari fat kamar an tsamo ta daga buhun gari. Daga nan ta ɗauki son gini. Sai dai tun ranar da ta dawo da takardar digiri, maganar aiki ta mutu a tsakaninsu. Shi yana ganin ta fi shi sani yanzu, ita kuma tana ganin rashin kunya ne ta buɗe baki ta koya wa ubanta gini. Za su yi awa guda suna hirar jikoki da tsadar kayan miya, ba wanda zai ambaci siminti.

Layinmu a kwari yake, kuma gidanmu ne a tsakiyar kwarin. Da muna yara ruwan sama ba ya damunmu. Yakan zo a hankali, ya kwana biyu yana zuba, ƙasa ta shanye abinta. Yanzu ruwan mako guda ne ke sauka cikin awa biyu, ga gari ya cika, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, filin da muke wasa ya zama shaguna. Ruwan ba shi da wurin shiga, sai ya nufo mu. Duk damina kekunan ɗinkina a kan benci suke kwana. Wata shekara kayan makaranta na yara arba'in na gama ɗinkawa, na goge, na jera, na tafi cin abinci, na dawo na tarar suna iyo. Sai rani ya zo kuma rijiyoyin layin su ƙafe, zafi ya hana mutum sakat, mu koma bin masu kurar ruwa. Yaya takan ce ruwan da yake korarmu daga ɗaki a damina shi ne dai wanda muke nema ido rufe a rani, mu ne muka rufe masa hanyar gida.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana rubuta takarda a kan wannan magana. Kowa a ofishinsu babbar kwata yake so, a faɗaɗa, a zurfafa. Ita kuma ta ce babbar kwata ba ta kashe ambaliya, tura ta kawai take yi zuwa unguwar da ke ƙasa da kai. Abin da take so shi ne titi mai shan ruwa, wanda ruwan zai nutse a inda ya sauka, ya koma ƙasa ya cika rijiyoyi. Daraktoci uku suka zo suka wuce, kowanne ya yaba mata, ya sa takardar a durowa. Na huɗun dai gajiya ya yi da ganinta a ƙofarsa. Ya ce ya ba ta layi ɗaya, wanda ya fi kowanne lalacewa a jerin da ke gabansa, kuma ga sharaɗi: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko ta kira shi, zai zo da kansa ya tsaya da agogo. In ruwa ya ɗauke da rabin awa ya ga wani a kwance a titin, kada ta sake kawo masa maganar har ya bar ofis. In kuwa titin ya shanye, ya ba ta layi talatin. Da ta duba sunan layin sai ta ga namu ne.

Ranar da ta zo da labarin, da gudu ta shigo shagona, mace mai 'ya'ya uku, ta rungume ni da almakashi a hannuna. Ni ma na hau tsalle, ko tambayar yadda za a yi abin ban yi ba. Na ji an ce ruwa ya daina shigo mini shago, ya ishe ni.

Aka kawo mota mai haƙa, aka kwashe layin har zuwa cinyar mutum. Aka zuba manyan tsakuwa, aka bi da ƙanana, sannan aka fara jera bulo, irin na intalok amma mai kauri. Gefe da gefe aka bar ramuka aka dasa itatuwa. Yaya tana wurin tun kafin rana ta yi zafi, da hular kwano a kan ɗankwali, tana auna wannan tana sa a tayar da wancan. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na makonnin nan ba. Abu ɗaya ne kowa ya lura da shi bai ce komai ba: tsakanin kowane bulo da ɗan'uwansa an bar tsaga mai faɗin ɗan yatsa, an cika ta da 'yar tsakuwa kawai, babu siminti ko kaɗan. Yaya ta yi wa Darakta bayanin tsagar nan, ta yi wa ɗan kwangila, ta yi wa leburori. Mu mutanen layi ba ta yi mana ba, don gani take abin a fili yake. Baba kuwa kullum yana kan bencinsa a ƙofar gida, ya haɗa gira, yana kallo.

Ana gama aikin aka tura ta kwas na kwana goma a wani gari. Washegarin tafiyarta da safe Baba ya shigo shagona, ya turo ƙofa, ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki. Ya ce ma'aikatan nan sun cuci Uwata. Sun ga mace ce, sun cinye simintin, sun bar mata titi duk baki a buɗe. Ya ce in babbansu ya zo ya ga wannan aika-aika dariya zai yi mata a gaban mutane, kuma shi yana raye ba za a yi haka ba. Ya hana ni gaya mata, don kada ta ji kunyar cewa ubanta ya ga aibin aikinta. Ni kuwa nan take raina ya ɓaci da leburorin nan, har na fara tuna wanda na ga yana da idon marasa gaskiya.

Kafin azahar ya tara tsofaffin abokan aikinsa su bakwai, ciki har da amininsa Dogo, wanda ya daina gini tun da gwiwa ta kama shi. Kowa a layin ya fito da ragowar simintin da ke ɗakin ajiyarsa. Kwana uku aka yi ana aikin kamar ana biki. Tsofaffin nan suka durƙusa, suka ƙwaƙule tsakuwar sama, suka bi tsaga ɗaya bayan ɗaya suna cusa kwaɓi suna shafewa. Dogo yana waƙa da muryarsa mai kama da ta tsohon janareta, mai facin bakin layi ya rufe rumfarsa ya zo yana tura baro, Inna tana dafa abinci, ni kuma ni ce mai ɗebo ruwan kwaɓi, don haka ba ni da bakin cewa ba da ni aka yi ba. Simintin ya ƙare saura taku biyu a ƙarshen layi. Sauran duk ya fito sumul kamar faranti, muka tsaya muna kallo muna yaba wa kanmu.

Ranar da za ta dawo kusan duk layin ne ya fito tarbarta. Baba ya sa sabuwar riga. Ta faka motar a bakin layi, ta fito tana murmushi, ta yi taku uku, sai murmushin ya tsaya. Ta sunkuya ta shafa ƙasa da tafin hannu. Ta koma ta buɗe bayan mota, ta cika bokitin ta sheƙa. Ruwan ya bazu, ya yi ɗan jim, sannan ya kama hanya tiryan-tiryan zuwa ƙofar gidanmu, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Yaya ta kife bokitin ta zauna a kansa. A nan ne na gane mun yi ɓarna.

Baba ya matso a hankali ya ce, "Uwata, bai yi kyau ba ne?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba. Ban taɓa ganin shafe mai kyau irinsa ba. Amma tsagar nan ita ce aikin gaba ɗaya."

Ta kama hannunsa ta kai shi ƙarshen layi, wurin taku biyun da siminti bai kai ba. Ta sake cika bokitin ta zuba. Ruwan ya yi wata 'yar ƙara kamar mutum yana kurɓar shayi, kafin ka ƙirga biyar babu shi, sai danshi a kan bulo. Baba ya tsuguna, ya sa yatsa a tsagar, ya ce a ƙara. Ta ƙara. Ya ce a ƙara. Sai da jarka biyun suka ƙare, yana ta tambayar ina yake zuwa, zurfin nawa, me ke ƙarƙashin tsakuwar, in ƙasa ta ƙoshi fa. Ita kuma tana ba shi amsa tana zana masa da yatsa a ƙasa, har muryarta ta dawo daidai. Na rantse murna ce ta fara kama shi, fuskarsa kamar ta wanda aka nuna wa sabon jika. Sai da ya miƙe ya waiwaya ya ga tsawon layin da ya shafe, sannan kunyar ta iso.

A falo ya tambaye ta me ya sa ba ta gaya masa ba tun farko. Ta ce ta yaya za ta zaunar da shi ta koya masa gini. Ta tambaye shi me ya sa bai tambaye ta ba, ya ce ta yaya zai nuna mata ya ga kuskure a aikinta. Inna, da take tsaye a bakin ƙofa da ludayi, ta ce ita dai ta gaji da kunyar mutum biyun nan, shekara goma sha biyar suna zagaye juna, ga shi yau sun kunyata layi guda.

Damina saura kamar mako uku. Yaya ta ce za ta je ta gaya wa Darakta gaskiya, ta roƙi a ɗaga mata zuwa baɗi, amma daga yadda ta faɗa mun san ba za a ɗaga ba. Baba ya ce ta ba shi kwana ashirin. Simintin nan bai yi mako biyu ba, kuma shi ya kwaɓa shi, ya san inda yake da rauni.

Abin da aka yi cikin kwana uku sai ga shi yana neman cinye ashirin ɗin duka. Kowane bulo sai an ɗaga shi da ƙarfe, a kankare gefensa huɗu da guduma da cizal, a kwashe tsakuwar da ruwan siminti ya taɓa, a zuba sabuwa, a mayar da shi. Tsofaffin bakwai suka dawo ba wanda ya yi ƙorafi, sai Dogo da ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa rushe aikin da ya fi wannan kyau ba. Matan layi muka ɗauki tankaɗe tsakuwa da rariya. Na ajiye ɗinkin mutane na ɗinka safar hannu daga ƙyallaye, har yanzu akwai mai jin haushina kan rigar da ban gama mata ba. Yaya takan taso daga ofis ta zo kai tsaye, ta bi layi da ɗan katakon da ta yanka daidai faɗin tsagar, tana gwadawa. Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne jin su biyun. Baki ya buɗe, sai ka ce an cire toshiya. Suna musu a kan gangara, yana nuna mata yadda ake gane bulon da zai fashe daga ƙararsa, tana nuna masa lissafin ruwan da rufin gida ɗaya ke zubarwa. A wurin aiki ya daina ce mata Uwata, sai Injiniya, kuma in ta ce a tayar da layin bulo, shi ne farkon sa ƙarfe.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Muna aiki muna ɗaga kai sama. Rana ta goma sha tara aka zo kan yanki na ƙarshe, taku shida a ƙofar gidanmu, daidai inda layin ya fi zurfi, inda indararon gidanmu da na maƙwabta ke zuba. Mai faci ya kawo ƙarfe zai sa, sai Baba ya taka wurin ya tsaya.

"A bar mini wannan," in ji shi.

Yaya ta tuna masa sharaɗin Darakta, cewa ko ina ya ga ruwa a kwance magana ta ƙare. Ya ce ya sani. Ni kuwa na hau faɗa, don ƙofar shagona ce, na ce wato duk wahalar nan da na sha ni ce zan ci gaba da ɗora keke a benci. Ko kallona bai yi ba. Muka ɗauka girman kai ne na tsohon magini, yana son ya bar ko ɗan yanki na aikinsa. Yaya ta daɗe tana kallonsa, ta san abin da take shirin asara, amma ta ce a bar masa. Na ji haushinta ranar, na ji haushinsa, na mayar da kekunana kan benci ina ƙunƙuni.

Ruwan ya zo ranar Alhamis, ƙarfe biyu da 'yan mintuna. Tun ɗigon farko Yaya ta buga waya, kafin ya kankama ga ta ga Darakta da mutum biyu, sun fake a rumfar mai faci. Ruwa ne irin wanda a da yake sa mu fara naɗe katifu. Awa ɗaya da rabi yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Mu duka muna baranda muna kallon ƙasa, kuma ƙasar tana sha. Ruwan zai sauka, ya yi ƙyalli a kan bulo, ya ɓace. Ramukan itatuwa suka cika suka sauke, suka sake cika suka sauke. Wata maƙwabciyarmu da ta shekara ashirin tana kwalfe ɗaki ta fito tsakiyar titi da silifas tana ta zagaye, tana ɗaga ƙafa tana nuna wa mutane. Dogo ya manta da gwiwarsa. Ni kaina ban san lokacin da na fito cikin ruwan ba, ina dariya ina kiran sunan Yaya, ɗankwalina ya jiƙe sharkaf.

Da ruwan ya ɗauke, titin ya fito tas daga wannan baki zuwa wancan, ban da ƙofar gidanmu. A nan ruwa ya taru ya kwanta har idon sawu, ya haye dakali, ya leƙa shagona. Darakta ya dubi agogonsa, ya jira rabin awarsa cif, sannan ya tako a hankali har bakin ruwan ya tsaya. Murnar layin ta mutu. Yaya ta buɗe baki za ta yi bayani, amma Baba ya riga ta. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga tsakiyar ruwan ya juyo ya fuskanci mutumin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan inda nake tsaye aikina ne. Shekara hamsin ina yin irinsa, rabin tsakar gidajen unguwar nan ni na shafe su da hannuna, kuma ba wanda ya taɓa kushe mini. Inda kake tsaye aikin 'yata ne. Ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu. Ka dubi ƙafarka, ka dubi tawa."

Darakta ya sunkuya ya dubi takalmansa. Ya dubi tsohon da ke tsaye cikin ruwa a gaban duk mutanen da suka san shi da gwaninta. Sannan ya juya ga Yaya ya tambaye ta, cikin layi talatin ɗin, da wanne take so ta fara, kuma ko za a iya bar masa wannan yanki haka na mako guda, yana so ya kawo sauran mutanen ofis su gani.

Baba ya ce a yi haƙuri, mako guda ya yi yawa, ƙaramar 'yarsa tana da ɗinkin mutane a cikin shagon nan. Su zo gobe da safe in suna so, don jibi ba za su same shi ba.

Yaya ta bar Darakta tsaye da tambayarsa, ta shiga ruwan da takalmanta na ofis, ta je ta riƙe hannun Baba da hannu biyu, tana kuka a gaban kowa ba ta ko ɓoye fuska. Shi kuma ya kawar da kai yana ta ƙifta ido, ya ce da ita a hankali ta je, babbanta yana jira.